Shin tsirrai za su iya tsotse gubar dalma daga gonar da ke gefen wurin wankin zinari?

Tambaya: Wani manomi daga yankin Anka a jihar Zamfara ya ce yana da gona a bayan gari, dab da filin da aka daɗe ana niƙa duwatsun zinari ana wanke su. An gaya masa ƙasar ta ɗauki gubar dalma, kuma ya ji ana cewa akwai shuke-shuken da ke tsotse irin wannan guba su bar ƙasa fes. Yana son sanin ko gaskiya ne, da abin da zai shuka, da shekarun da zai jira kafin ya koma noman dawa da wake.

Amsa: Malam, abin da ka ji yana da tushe a ilimi, domin akwai tsirran da ke jan ƙarfe daga ƙasa su tara shi a ganyensu, kuma an yi amfani da su an gyara gonaki a wasu ƙasashe. Sai dai daga cikin ƙarafan da ke gurɓata ƙasa, dalma tana cikin waɗanda suka fi ƙin bin wannan hanya, saboda haka amfanin da shuka za ta yi maka a gonarka ya sha bamban da wanda aka kwatanta maka. Zan bi maganar daki-daki domin ka ga dalilin da idonka, tun da lissafin ba mai wuya ba ne.

Idan man fetur ko maganin ƙwari ya zube a gona, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa suna iya cinye shi a hankali har ya rikiɗe ya zama iska da ruwa. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Dalma da kadmiyam da kromiyam da nikel da zaiba, har da asinik wanda ake lissafa shi tare da su ko da yake ba cikakken ƙarfe ba ne, duk inda suka sauka suna nan sai an ɗauke su an kai wani wuri. Don haka duk wanda ya ce zai gyara ƙasar da ta sha ƙarfe, ɗayan abu biyu yake nufi: ko dai ya kwashe ƙarfen ya mayar da shi inda ba zai cutar ba, ko kuma ya ɗaure shi a inda yake ta yadda ba zai tashi cikin ƙura ba, ba zai bi ruwa ba, ba zai shiga abinci ba. Tsirrai suna iya yin duka biyun, amma ba a kan kowane ƙarfe ba.

Saiwa ba ta cin ƙasa, abin da ya narke a cikin damshin ƙasa kawai take sha. A jikin ƙananan gashin saiwa akwai ƙofofi da shuka ke shigar da abincinta ta cikinsu, kowace ƙofa da abin da aka yi ta dominsa, kuma guba tana shiga ne ta hanyar kama da abincin. Kadmiyam yana bin ƙofar zink da ta sinadarin ƙarfen da shuka ke buƙata domin korenta, asinik kuwa yana bin ƙofar fosfat, wato sinadarin da ke cikin takin supa, saboda siffarsu ta yi kusa. Galibin tsirrai idan guba ta shigo sai su tsare ta a saiwa, su hana ta hawa kara da ganye. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru da suka saɓa wa wannan ɗabi'a: suna jan ƙarfen da ƙarfi, su tura shi sama ta jijiyoyin ruwa, su ɗaure shi da wasu sinadarai masu tsami, su ajiye shi a cikin ƙwayoyin ganye inda ba zai taɓa aikin shukar ba. Ra'ayin da ya fi rinjaye a wurin masana shi ne suna yin haka ne domin ƙwari da dabbobi su ƙi cin su.

Irin waɗannan tsirrai da aka tantance a duniya sun kai kimanin 700, kuma fiye da 500 daga cikinsu nikel suke tarawa. Wanda ya fi ban mamaki wata bishiya ce ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya mai suna Pycnandra acuminata, wadda aka bayyana a 1976 cewa ruwan jikinta, mai launi tsakanin shuɗi da kore, idan ya bushe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa nikel ne. A 1983 wani masanin ma'aikatar gona ta Amurka, Rufus Chaney, ya kawo shawarar a riƙa noma irin waɗannan tsirrai a gurɓatacciyar ƙasa ana girbe su, ta yadda kowane girbi zai tafi da wani kaso na gubar. A 2001 Lena Ma da abokan aikinta a Jami'ar Florida suka nuna cewa Pteris vittata, wani tsiro marar fure mai ganye kamar gashin tsuntsu, yana iya tara asinik har fiye da kashi 2 cikin 100 na busasshen ganyensa, kuma daga baya aka noma shi a gonakin kudancin Sin da sharar ma'adinai ta lalata. A Sin ɗin ne kuma ake amfani da wasu tsirrai na dangin Sedum wajen rage kadmiyam. A Albaniya, inda ƙasa take da nikel tun asali, ana noma wani tsiro mai rawayan fure a ƙone shi a fitar da nikel daga tokarsa, ana samun kimanin kilo 100 a hekta. Ka lura da sunayen da na jero: nikel, asinik, kadmiyam. Babu dalma a ciki, kuma ba mantuwa na yi ba.

Dalma tana manne wa laka da ruɓaɓɓen taki da tsatsar da ke jikin ƙwayoyin ƙasa, tana kuma haɗuwa da fosfat ta zama abin da ba ya narkewa. Ƙalilan ne daga cikinta ke shiga damshin da saiwa ke sha, kuma ƙalilan ɗin da ya shiga galibinsa a saiwa yake maƙalewa. Sau da yawa idan aka auna ganyen shukar da ke kusa da wurin haƙar ma'adinai aka ga dalma mai yawa, ƙurar da ta zauna a kan ganyen aka auna ba abin da shukar ta sha ba, shi ya sa nake taka-tsantsan da rahotannin da ke cewa an gano wata ciyawar gida mai tsotse dalma, sai na ga yadda aka wanke ganyen kafin awo.

Bari mu yi lissafi da alƙaluma na misali. Hekta ɗaya, idan aka ɗauki zurfin santimita 20 da garma ke juyawa, tana ɗauke da ƙasa kimanin tan 3,000. A ce awo ya nuna miligiram 1,000 na dalma a kowane kilo na ƙasa, wato kilo ɗaya a kowane tan, to gonar tana riƙe da kilo 3,000 na dalma. Idan ana son a sauko da ita zuwa miligiram 400, ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da shi ga filin da yara ke wasa kafin ta ƙara tsaurara shi, sai an fitar da kilo 1,800. Yanzu a ce ka shuka abin da ya ba ka tan 10 na busasshen kara da ganye a damina ɗaya, wanda amfani ne mai kyau ƙwarai, kuma kowane kilo ya ɗauki miligiram 100 na dalma. Abin da ka fitar a wannan damina kilo ɗaya ne tak, ka ga kana buƙatar damina 1,800. Ko da shukar ta ninka haka sau goma, damina 180 ce, jikokin jikokinka ma ba za su ga ƙarshen aikin ba. Ga shi kuma a wasu wuraren niƙan dutse a Zamfara an auna dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo, ƙasar da shuke-shuke da yawa ba za su ma tsira a cikinta ba.

Kwatanta wannan da kadmiyam. Gonar da ke da miligiram 2 a kilo ta riga ta zama abin damuwa ga mai noman shinkafa ko ganye, amma duka-duka kilo 6 ne a hekta. Tsiron da ya ba da tan 5 yana ɗauke da miligiram 100 a kilo zai fitar da rabin kilo a girbi ɗaya, saboda haka a kan takarda girbi shida zai rage gubar da rabi. A gona yakan ɗauki fiye da haka, domin shuka tana fara kwashe wanda ke narkewa da sauƙi, sauran kuma ya riƙa sakuwa a hankali, amma aiki ne da mutum zai fara ya ga ƙarshensa. Hanyar tsotsewa ta dace ne da fili mai faɗi wanda gubarsa ba ta yi yawa ba, take kuma a saman ƙasa inda saiwa ke kaiwa, sannan ƙarfen ya kasance mai narkewa ne.

A shekarun 1990 an yi ƙoƙarin tilasta wa dalma ta narke ta hanyar zuba wa gona wani sinadari da ake kira EDTA, sannan a shuka mastad na Indiya, Brassica juncea, ya sha. Ganyen ya ɗauki dalma sosai, amma abin da shukar ta sha kaɗan ne idan aka gwada da abin da ya narke, ragowar kuma ruwan sama yana iya gangarawa da shi ƙasa zuwa ruwan rijiya, sinadarin kansa kuma yana daɗewa bai lalace ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Idan wani ya kawo maka wani ruwa ko gari ya ce zai sa shuka ta tsotse dalma da sauri, kada ka yarda a zuba shi a gonar da ke kusa da rijiya ko rafi ko fadama.

Wataƙila sanfulawa, wato shukar nan mai babban fure rawaya, aka ambata maka, domin ita ce ta fi yin suna. Sunan da ta yi ya samo asali ne daga gwajin da aka yi kusa da tashar nukiliya ta Chernobyl a Yukiren bayan hatsarin da aka yi a can, inda aka ɗora ta a kan ruwan wani tafki saiwarta na lilo a ciki tana jan sinadarai masu tururin nukiliya. A ruwa aka yi wannan, ba a ƙasa ba. Da aka shuka ta a gonakin Fukushima a Japan bayan hatsarin tashar nukiliya na 2011, abin da ta cire bai taka kara ya karya ba, kankare saman ƙasa ne ya yi aiki.

Kankarewar ce kuma aka yi a yankinku. Lokacin da aka gano annobar gubar dalma a 2010 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke, yara fiye da 400 suka rasu, kuma hanyar da gubar ta bi ta shiga jikinsu ita ce ƙurar dutsen da aka niƙa a cikin gidaje, wadda yaro ke shaƙa ko ya kai baki da hannunsa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma magani ba ya amfani idan yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Saboda haka aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa da fartanya, ana kai ta ramukan da aka tanada a binne, ana shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta, har aka kammala da Bagega a 2013. Haka aka sake yi a Shikira ta jihar Neja bayan ɓarkewar 2015. Babu wanda ya tsaya jiran shuka, domin yaro ɗan shekara biyu ba shi da damina ɗari da zai jira.

To, ina amfanin shuka a gonarka? Amfaninta shi ne ta danne ƙasar. Filin da yake tsirara iskar hunturu tana kwasar ƙurarsa ta kai cikin gari, ruwan farkon damina kuma ya wanke shi zuwa kududdufi da rafin da dabbobi ke sha. Idan ciyawa ta rufe shi, saiwoyi suka kama shi, dalmar tana nan amma hanyoyinta zuwa jikin mutum sun ragu ƙwarai, kuma a nan ɗabi'ar dalma ta maƙalewa a saiwa ta zama alheri. Jema tana daga cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan aiki: danginta suna da saiwa mai nutsewa mita 2 zuwa 3, suna jure fari da ƙasa marar kyau, kuma idan aka dasa su a jere suka haɗe suna tare zaizaya kamar shinge. Zurma da bini-da-zugu ma suna jurewa, kuma dabbobi ba su cika cin su ba, sai dai 'ya'yansu guba ne ga yara, saboda haka ba na son su a bakin hanyar da yara ke bi. Kafin dashe yana da kyau a gauraya ƙasar da abubuwan da ke ƙara ɗaure dalma, wato ruɓaɓɓen takin dabbobi, da garin gawayi, da farar ƙasa idan ƙasar tana da tsami, da fosfat ko na takin supa ko na garin ƙashi. A nan akwai sharaɗi guda: duwatsun zinari sukan zo da asinik, kuma fosfat da ke ɗaure dalma shi ne ke sako asinik daga jikin ƙasa, don haka ba a zuba shi sai awo ya nuna babu asinik mai yawa. A yi wannan gaurayawa da damshi, ba a kan busasshiyar ƙasa mai tada ƙura ba.

Abin da littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka ba su cika tsayawa a kai ba, ni kuma nake ganin ya fi komai haɗari a wurinmu, shi ne makomar abin da ya tsiro. A ƙasar Hausa babu abin da ake bari a gona. Kara yana zama danga da makamashi, harawa tana zama abincin tumaki, jema ana yanka ta a yi rufi da zana, toka ana mayar da ita gona ko a tace ruwanta a sa a miya, bayan girbi kuma shanu da awaki suna shiga kowane fili ba tare da neman izini ba. Shukar da ta sha guba ta zama guba ita ma, kuma ko wadda ba ta sha da yawa ba tana ɗauke da ƙurar filin. Shanu suna daga cikin dabbobin da dalma ke saurin kashewa, waɗanda ba su mutu ba kuma tana taruwa a hantarsu da ƙodarsu da ƙashinsu. Ƙonawa a fili ba mafita ba ce, domin wani kaso na ƙarfen yana tashi da hayaƙi, ragowar kuma ya taru a toka, wadda gubarta ta ninka ta ganyen sau da yawa tun da tan goma na kara yakan koma tan ɗaya ko ƙasa da haka. Idan aka tsotse guba daga gona aka kai ta murhu, tsugune ba ta ƙare ba. Saboda haka filin yana buƙatar shinge na gaske, kuma abin da aka yanka a bar shi ya kwanta a wurin ya rufe ƙasa, ko a binne shi a rami mai nisa da rijiya da fadama. Da wannan dalili ne ba na ba da shawarar rama, duk da cewa tana girma da sauri tana ba da kara mai yawa, domin babu yadda za ka hana wani ya tsinki ganyenta ya yi kwaɗo.

Irin wannan tambaya tana tasowa a Kano, inda ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ke ɗauke da kromiyam, masu lambu kuma suke ban ruwa daga Jakara da Getsi. Kromiyam ma a saiwa yake tsayawa. A can tsirran ruwa irin su kachala da kainuwa suna iya rage ƙarfe idan aka bi da ruwan ta cikin tafkunan da aka gina domin haka kafin ya isa lambu, da sharaɗin a riƙa kwashe su ana zubarwa inda ya dace, kuma kada a bar kachala ta tsere, ganin yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru.

Game da komawa noman abinci, yawan shekaru ba shi ne zai yanke hukunci ba, awo ne. A ɗebi ƙasa daga wurare goma ko fiye, a raba na saman santimita 5 da na ƙasa da shi, kuma a raba gefen da ke kusa da wurin wanki da gefen da ke nesa, domin dalmar da iska da ruwa suka kawo takan taru a sama da kuma inda ruwa ke kwanciya. Sashen nazarin ƙasa na jami'a yana iya aunawa, akwai kuma na'urar hannu mai suna XRF wadda ake ɗora wa ƙasa ta ba da sakamako nan take, irin wadda aka yi aiki da ita a ƙauyukanku. A roƙi a duba asinik da zaiba da kadmiyam tare da dalma, da kuma tsamin ƙasar. Kada a yi zurfin huɗa kafin awo, domin idan gubar a sama kawai take, garma za ta cakuɗa ta da ƙasar da ke da lafiya, abin da za a iya kankarewa da fartanya ya zama sai an kwashe gona ɗungurum.

Idan sakamako ya nuna wani yanki ya haura miligiram 1,000, wannan na kankarewa da binnewa ne tare da jami'an muhalli, ko kuma a killace shi a rufe da jema a cire shi daga noma. Inda ya yi ƙasa sosai, dawa da gero da masara su ne mafi sauƙin haɗari, domin dalma ba ta cika kaiwa ƙwayar hatsi ba. Gyaɗa da dankali da rogo da karas da albasa suna kwance a cikin ƙasar, alayyafo da latas da yakuwa kuma suna tara ƙura a ganye, don haka a nisanta su daga wannan gona. Wake yana kusa da ƙasa kuma harawarsa dabbobi ake ba, shi ya sa zan jinkirta shi fiye da dawa. Binciken da aka yi a Zamfara ya nuna cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi bayan girbi ta shiga, wajen shanya da sussuka a ƙasa da daka da niƙa a gidajen da suka gurɓace, saboda haka a yanke zangarniya kada ta taɓa ƙasa, a kai ta wani wuri mai tsabta a sussuke a kan tabarma ko leda, kuma kada a kai ta injin ko turmin da ya taɓa niƙa dutse.

Duk wannan yana aiki ne idan an daina niƙa da wanki a gefen gonar, domin kwana kaɗan na niƙan busasshen dutse yana iya mayar da abin da aka yi shekaru ana ragewa. Idan aikin yana ci gaba, maganar farko da mai gari da masu aikin ce, a matsar da shi nesa da gonaki da gidaje, a kuma riƙa jiƙa dutsen kafin niƙa. Kai kanka ka ajiye takalmi da tufafin gonar a waje, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro. Yaran gidanka 'yan ƙasa da shekara biyar, da duk mai juna biyu da ta taɓa aiki a wannan gona, a kai su asibiti a auna dalmar da ke jininsu tun kafin sakamakon ƙasar ya fito.